Taraktar Dogon Zango

A tasha aka raɗa masa suna Dogon Zango, saboda in ya ɗauki lodi ba ya son tsayawa sai inda mai ya tsayar da shi. Ya fi rabin rayuwarsa a kan kujerar babbar mota. Kujerar ta yi ta cin bayansa a hankali, har ranar da ya sauko ya kasa miƙewa, sai da mutum biyu suka kama shi. Likita bai ɓoye masa komai ba. Ya ce ko dai ya bar doguwar tafiya, ko ƙafafunsa su bar shi.

Sai ya sayar da motar. Abu ɗaya ya kwance kafin ya miƙa makulli, madubin gefen direba, ya zo ya rataye shi a bangon ɗaki kusa da agogo.

Matarsa ta ce, "Baban 'yan biyu, mutane na rataya hoton 'ya'yansu, kai kuma madubin mota?"

Ya ce, "'Ya'yan ai ina ganinsu. Motar ce ba zan ƙara gani ba."

Da abin da ya samu ya sayi gonar kiwo a bayan gari. Fili ne mai gangara, da shingen waya, da rijiya, da rumfar kwano mai yoyo ta kusurwa ɗaya, da 'yan shanun da ba su kai ashirin ba. Shi da bai san saniya ba sai ta gilashin mota, tana tare masa hanya yana zaginta. Amma ya koya. Ya koyi tashi kafin su fara kuka, ya koyi gane wadda ba ta da lafiya tun daga yadda take riƙe kunne. Matarsa ta yi ƙiba a wata na biyu, ta ce barci ne, wanda ta daɗe ba ta samu ba tun yana kan hanya.

Rabin gonar ba a sakin shanu a cikinsa. Wanda ya sayar masa ya yi masa bayani tun ranar farko. Ciyawar nan ita ce abincin garken a watannin da ƙasa ba ta fitar da komai. Ana yanke ta tana shirin fure, a shanya, a jibge a rumfa. In aka bari ta tsufa sai ta zama kara, saniya ta shinshina ta wuce. Mutumin ya bar masa injin yanka a cikin rumfa, irin wanda ake ɗaurawa a bayan tarakta. Taraktar kuwa ya tafi da abarsa.

Dogon Zango ya gane lissafin sarai. In babu ciyawa a rumfa, sai an sayar da shanu. In shanu suka tafi, sai ya koma neman motar wani ya tuƙa, da bayan nan nasa.

Da farko ya sa rai ga maƙwabcinsa, mai tarakta ɗaya da yake bayarwa haya.

"Maƙwabci, yaushe zan ga taraktar nan?"

"Gobe, in Allah ya kai mu."

Allah ya yi ta kai su, tarakta ba ta zo ba. Dogon Zango ya sa masa suna Gobe-Gobe, sunan ya bi shi har kasuwa. Rannan dai mutumin ya jingina da shinge ya faɗa masa gaskiya.

"Ka ga, direba, ciyawar kowa lokaci ɗaya take nuna. Ni ma tawa na jirana, ga mutane a gabanka. Nemi taka. Ka sayi tsohuwa, irin wadda in ta lalace za ka samu kayanta ko a shagon mai faci."

Ƙanin matarsa bai yarda ba. Auta ake ce masa, ko da yake ya ajiye tumbi da 'ya'ya uku, yana da shagon wayoyi a cikin gari. Ya zo da safe ana shan shayi, ya ajiye waya a tsakanin kofuna, da hoton wata tarakta a fuskarta.

"Mijin Yaya, kalli wannan. Sabuwa dal. Har da na'urar sanyi a ciki."

"Auta, shanu zan ciyar, ba amarya zan ɗauko ba."

"Ai da bayan nan naka, kai ne amaryar."

"Wallahi ba don yayarka ba, da tuni na hana ka shayin gidan nan."

Matar ta ce, "Ni dai ku sayo wadda matakinta ba shi da tsawo. Ba ni da ƙarfin ɗago ƙato daga ƙasa."

Ya saurare su duka, amma a ransa bai ɗauki shawarar kowa ba. Me za a gaya masa a kan abu mai inji da taya huɗu? Yana da doguwar sukudireba mai ƙotar katako, wadda ta yi yawo da shi duk shekarun nan. Yakan ɗora bakinta a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar, ya rufe ido. A tasha, direbobi kan kira shi ya saurara musu mota kafin su biya, kuma kunnensa bai taɓa ba shi kunya ba.

Filin dillalin taraktoci yana bakin kwalta, an kewaye shi da waya. Ofis ɗin kwantena ce da fanka ɗaya, bayan fili kuwa ciyayi sun kai ƙirji. Dillalin gajere ne mai tsinken sakace a baki, kowace magana sai ya fara da "ranka ya daɗe".

Dogon Zango ya bi layi yana sa a tayar. Ya saurari inji, ya tara tafin hannu a bakin salansa, inda hayaƙi ke fita, ya shinshina, ya zaro sandar baƙin mai ya murza tsakanin yatsu. Wannan tana shan mai. Waccan zoben injinta ya gaji. Ta ukun an yi mata fenti don a rufe tsagewa.

A ƙarshen layi akwai wata da ba a gane launinta, fitila ɗaya, kujera ɗaure da robar taya. Da aka tayar da ita sai ta yi tari sau uku kamar tsoho mai shan taba, sannan ta kama.

"Ranka ya daɗe, wannan daga gona ta zo kai tsaye. Aiki take yi har makon jiya."

"To ta koma gonar ta mutu a can. Mai Tari! Ni za ka nuna wa wannan?"

Haka suka yi ta yawo, shi da Auta, daga wannan fili zuwa wancan, har garuruwan maƙwabta. Auta ke tuƙi a ƙaramar motarsa, abin da ya fi komai cin ran Dogon Zango.

"Ɗage ƙafarka daga kuloci."

"Na ɗage."

"Ba ka ɗage ba, ina jin kukansa. Wa ya ba ka lasisi, surukarka?"

Kullum su dawo hannu rabbana. Kullum da yamma sai ya shiga cikin ciyawar ya ja zangarniya ɗaya ya duba. Ta fara fure. Ta sama-sama, inda rana ta fi bugu, har ta fara tauri. Ya daina cin abinci sosai, ya koma tsaki. Kaza ta wuce, tsaki. Guga ya faɗi, tsaki. Matarsa ta ce in ana sayar da tsaki, da sun sayi tarakta biyu.

Ana cikin haka dillali ya kira shi, ya ce an kawo wata.

Shuɗiya ce, jikinta tsaf. Da aka murɗa makulli ta kama a bugu ɗaya. Dogon Zango ya ɗora sukudireba, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Injin yana tafiya sumul, babu gargada, babu ƙarar da ba ta da dalili. Rabon da ya ji irin wannan tun motarsa tana sabuwa. Ya hau, ya fitar da ita kwalta, ya bi giya ɗaya bayan ɗaya, ya taka birki ta tsaya cak ba ta karkata ba. Ya saki sitiyari, ta miƙe.

"A kamfanin bulo ta yi rayuwarta, ranka ya daɗe," in ji dillali. "Tirela kawai take ja. Ba ta taɓa shan wahalar gona ba."

Maganar ta yi masa daɗi. Ya ɗauka yabo ne.

Ya tuƙo ta gida da kansa, masu keke na wuce shi, bai damu ba. Matarsa ta fito da zani a kafaɗa, Auta ya ɗaga waya yana ɗauka. Dogon Zango ya juya taraktar, ya sa ribas, ya shigar da ita rumfa har gaban injin yanka, tsaf, ba gyara. Wannan kam ko Auta sai da ya tafa.

Suka haɗa injin da hannuwan ƙarfe biyu da ke bayan taraktar, waɗanda ke ɗaga kayan aiki. Suka zura sandar injin a wani guntun ƙarfe mai haƙora da ke juyawa ya ba wuƙaƙen ƙarfi. Gobe-Gobe ya taɓa nuna masa yadda ake yi. Dogon Zango ya hau, ya ja hannun ɗagawa.

Injin yanka ya ɗago kamar kamu ɗaya, yana rawa, sannan ya koma ƙasa a hankali, ya zauna. Ya sake ja. Wannan karon ko motsi bai yi ba. Ya tura ɗaya hannun, na juyawa. Wani abu ya yi gurnani a cikin cikin taraktar, kamar ana niƙa tsakuwa, wuƙaƙen ba su ko girgiza ba. Duk wannan kuwa injin shuɗiyar yana ta waƙarsa, sumul.

"Auta, kashe wayar nan."

"Mijin Yaya, ko dai ba ka..."

"Na ce ka kashe."

Auta ya ga fuskarsa, ya tuna yana da aiki a shago.

Dogon Zango ya kife bokiti a bayan taraktar ya zauna. Yau ya fara kallon bayan nata. Guntun ƙarfen nan ya yi tsatsa ja, har gizo-gizo ya taɓa gida a murfinsa. Hannuwan ɗagawa sun bushe ƙayau, ba alamar maiko. An yi shekaru ba wanda ya nemi komai daga wurin nan. Ya zagaya ta sau nawa a filin dillali? Bai zagaya ba. Daga inji zuwa kujera, daga kujera zuwa kwalta.

Matarsa ta kawo masa ruwa, ta tsaya a kansa.

"Ba ka duba nan ba ne?"

"Ban duba ba."

"A mota wa ke duba baya?"

"'Yan lodi. Yaran mota. Su ke ɗaure kaya, su ke rufe tamfol. Ni gaba ne nawa."

"To nan ba ka da 'yan lodi. Daga ni sai shanu."

Ya karɓi ruwan ya riƙe, bai sha ba.

Bakanike ya zo washegari, ya buɗe, ya leƙa, ya girgiza kai. Famfon da ke ɗaga hannuwan ya mutu, haƙoran ciki sun cinye juna. Irin wannan samfurin ba a ajiye kayansa a nan kusa, sai an aiko daga nesa.

"Yaushe za su iso?"

"Maigida, kafin su iso ciyawarka ta zama tsintsiya. Amma fa inji, ka dace da inji."

"Na gode. Sai in yanko shi in ba shanu."

A ranar ne kuma wani tsohon abokinsa na tasha ya kira. Labari ya riga ya kai can, ta hannun wayar Auta. Abokin ya yi dariyarsa ya ƙoshi, sannan ya ce akwai mota a ajiye ba direba, in yana so ya zo ya karɓi makulli, ya bar wa makiyaya kiwonsu. Dogon Zango ya ce zai yi tunani. Matarsa tana bakin ƙofa tana tsince wake, hannunta ya tsaya. Da ya shiga ɗaki daga baya, ya ga ƙusa tsirara a kusa da agogo. Madubin ba ya nan. Ya juya ya fita.

Ya wayi gari ya nufi gidan Gobe-Gobe.

"Ba tarakta na zo nema ba. Tirelarka nake so, kuma yau."

"Yau?"

"Yau. In ka ce gobe, sai na kwana a ƙofar gidanka."

Suka ɗora injin yanka a kan tirela da katako da igiya, shi da maƙwabcin da bakanike. Shuɗiyar ta ja tirela kamar ba ta ɗauki komai ba, aikin da ta sani ke nan. Wannan ma ya ƙara ɓata masa rai.

Dillali ya ga sun shigo, ya cire tsinke daga baki.

"Ranka ya daɗe, abin da aka saya an saya."

"Ka san bayanta a mace yake."

"Ka tambaye ni baya? Tsakani da Allah, ka tambaye ni? Na ce maka tirela take ja. Kai ka rufe ido kana jin waƙa, ni kuma ba na katse wa mutum waƙa."

Dogon Zango ya ji kamar ya ɗaga shi ya rataye a fankar. Abin da ya hana shi, mutumin bai yi ƙarya ba. Ya haɗiye, ya nuna tirela.

"Ba faɗa na zo yi ba. Musaya za mu yi. Ga injina. Duk wadda za ka ba ni, sai ta ɗaga shi ta yanka ciyawa a gabana."

"Wace ciyawa?"

Dogon Zango ya nuna masa ciyayin da ke bayan filin.

Aka fara da wata ja. Ta ɗaga, amma da wuƙaƙe suka shiga ciyawa sai ta shaƙe ta mutu. Aka kwance, aka ɗaura wa wata koriya. Ta yanka, sai dai mai yana tsiyaya daga bayanta kamar an huda tulu. Kowace ɗaurawa da kwancewa sai ya durƙusa, kowace miƙewa sai ya riƙe ƙugu ya cije leɓe. Rana ta take. Saura ɗaya a ƙarshen layi.

"Ranka ya daɗe, ko a tayar da wadda ka ce ta je ta mutu?"

"Tayar da ita, ka rufe min baki."

Mai Tari ta yi tarinta uku, ta kama. Ya zagaya bayanta tukuna. Guntun ƙarfen yana sheƙi saboda aiki, hannuwan sun sha maiko har ƙura ta manne. Ya hau kan robar taya, ya ja hannun ɗagawa, injin ya tashi sama tsam, kamar an ɗauki kofi. Ya tura na juyawa, wuƙaƙe suka ɗauki kuwwa. Ya shiga ciyayin nan masu kai ƙirji, suka yi ta kwanciya a bayansa.

Bai yarda nan take ba. Ya ɗaga injin sama, ya kashe taraktar, ya tsallaka titi wurin mai shayi ya zauna yana hango ta. Ya sha kofi ɗaya a hankali, ya ƙara wani. Da ya dawo, injin yana nan a sama inda ya bar shi. Sai a lokacin ya zaro sukudireba ya ɗora a jikinta. Ya saurara, ya yamutsa fuska. Tarin na sanyin safiya ne da tsufa, ba na ajali ba. Za ta yi shekaru tana ba shi haushi.

Dillali ya nemi ciko a kan musayar, shuɗiya mai kyau a ba da, mummuna a karɓa, kuma wai Dogon Zango ne zai ƙara. Dogon Zango ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, sannan ya biya.

"Ranka ya daɗe, tunda ka fara, ka ƙarasa yanke min wancan gefen mana."

"Ka ci shi da haƙoranka."

Da sassafe ya shiga ciyawarsa, nan kuma wata sabuwar fitina ta tashi. Mai yankan ciyawa baya yake kallo, ya ga ko wuƙaƙe na cin layi, ko sun toshe, ko dutse na tafe. Shi kuwa wuyansa da bayansa ba su san juyawa ba. In ya kalli gaba sai ya bar ciyawa a tsaye. In ya murɗa jiki ya kalli baya sai zafi ya soke shi tun daga ƙugu har ƙeya, taraktar kuma ta bi inda ta ga dama. Layinsa ya fito kamar sawun maciji. Gobe-Gobe ya leƙo ta kan shinge ya tambaya ko rubutu yake koya. Kafin rana ta yi tsaka ya sauko da ƙyar, yana dafa taya.

Ya shiga gida ya tarar da matarsa a madafa.

"Ina madubina?"

Ta juya masa baya tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

"Ban sani ba."

"Ke da Allah, ba ni madubina."

"Baban 'yan biyu, in makullin mutumin nan za ka je karɓa, ka gaya min a fuskata. Na gaji da zaman jiran waya. Likita ya ce..."

"Wane makulli? Wuyana ne zai karye a gonar can. Ba ni in ɗaura wa Mai Tari."

Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta buɗe buhun shinkafa, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta zaro madubin, ta hure shi.

"A cikin shinkafa?"

"Nan ne kaɗai ba ka taɓa sa hannu ba tun da aka yi aurenmu."

Ya ɗaure shi da waya a ƙarfen gefen kujera, ya karkata shi ƙasa har wuƙaƙen suka fito a ciki. Ya hau. Ido ɗaya a gaba, ido ɗaya a madubi, yadda ya saba tun yana saurayi. Layin ya miƙe.

Ciyawar ba ta jira shi duka ba. Ta sama ta riga ta zama kara, ya yanke ta dai don haushi, shanu suka shinshina suka wuce kamar yadda aka gaya masa. Ta gangare ce ta samu, ita ta cika rumfa har ɗan abin da ya wuce rabi, aka kauce wa kusurwar da ke yoyo. Bai isa garken duka ba. Ya ware huɗu ya sayar, har da wata ja mai farin goshi da matarsa ke ba ɓawon kayan miya da hannunta. Ranar da aka zo ɗaukarsu ba ta fito ba. Sauran suka ci, suka kai ga sabuwar ciyawa da ƙafafunsu. Abokin tasha ya sake kira sau biyu, daga baya ya ba wani motar.

Har yanzu Dogon Zango bai yafe wa taraktar ba. Kowace safiya in ta yi tarin nan uku sai ya yi tsakin da ake ji har madafa, ya ce a rayuwarsa bai taɓa zama a kan inji mai mugun sauti irin wannan ba. Auta ya kawo masa abin toshe kunne daga shago, ya jefe shi da shi. In wani sabon mai gona ya zo neman shawara, yana ganin ya nufi wajen inji sai ya daka masa tsawa daga kan bokitinsa, ya ce ya zagayo ta nan tukuna. Ƙusar da ke kusa da agogo kuwa, matarsa ta rataya hoton 'yan biyu a kai.